Takalman Sallau a Bangon Bakin Gishiri

Godiya ta tabbata ga Wanda ya shimfiɗa ƙasa ya yi mata iyaka, ya tara ruwa ya hana shi wuce gaɓa, ya ba ɗan Adam ƙafa biyu ya ce da shi je ka gani. Ku matso ku gyara zama. Wanda ya ji ya riƙe, wanda ya yi musu ya ɗauki sandarsa ya je ya gano, hanya tana nan ba ta tashi ba.

Sunana Jatau, baduku ɗan baduku, mutumin Tudun Majema, garin da ko ka hau ganuwa ba ruwan da za ka hango sai na rijiya. Tun ina yaro aka san ni da zargi. Ko fura aka miƙo mini sai na zura ludayi har ƙasa na ga abin da ya kwanta. Mahaifiyarmu takan ce, "Jatau, kai ko ƙofar Aljanna aka buɗe maka sai ka tambayi wanda ya buɗe." Ƙanena Sallau kuwa sai ka ce ba ciki ɗaya muka fito ba. Duk wanda ya yi masa murmushi ya zama ɗan'uwansa.

Sallau ne ya ji fatake suna labarin teku da jiragen da suka fi gida girma, ya ce shi sai ya gani da idonsa. Na hana, bai hanu ba. Da na ga haka sai na zauna na yi masa takalma irin waɗanda ban taɓa yi wa kowa ba. Fatar bijimi ce da ta sha bagaruwa ta ƙoshi, na ninka tafin, na ɗinke da jijiya guda ɗaya tak, ta tashi daga dunduniya ta zagaya ta dawo dunduniya, na ɓoye ƙullin a ciki. Na ce masa, "Waɗannan za su kai ka su dawo da kai." Suka kai shi. Damina ta zo ta wuce, wata ta biyo ta, har muka daina ƙirge, ba Sallau ba labarinsa. Da idon mahaifiyarmu ya soma dushewa sai ta kira ni ta ce, "Ka nemo mini autana kafin hasken nan ya ƙare."

Na saɓa jakar sana'ata na kama hanya, a ƙafata wasu tsofaffin takalma da na daɗe ina cewa gobe zan gyara. Kowa ya san baduku ya fi kowa yagaggen takalmi. Na ratsa dajin da itatuwansa ke bin matafiyi a baya in bai waiwaya ba, na fita da wuyana a sanƙare don waiwaye. Na wuce ƙasar da ake sayar da inuwa a kasuwa, na ƙi saye, na sha rana. A kan hanya na tsinci harshen fatake, wanda ake ciniki da shi ko'ina. Duk zangon da na tambaya sai a ce, "Wani saurayi mai fara'a? Ya yi gabas, wajen Dalhara." Matambayi ba ya ɓata, wata safiya na tsinci kaina a birnin Dalhara, a kan gangaren da ke sauka tashar jiragensu, wadda suke kira Bakin Gishiri.

A ƙarshen gangaren akwai jerin fararen duwatsu da aka dasa a ƙasa, sun yi layi daga wannan ƙarshen gari zuwa wancan. Dogarai biyu suna zaune a bakin layin. Suka buɗe jakata, suka ture kilishi da goro gefe ba su ko kalle su ba, suka fitar da fata, da basilla, da wuƙa, da wasu sababbin takalma da na yi don sayarwa.

"Waɗannan ka bar su nan, in ka fito ka karɓa," in ji babbansu. "Ba a shiga Bakin Gishiri sai da takalmin da ke ƙafa."

"Saboda me, yallaɓai?"

"Al'ada ce."

Yana magana idonsa a kan ƙafata, ba a fuskata ba. Na ce a raina, dogarin da ya bar kilishi ya ƙwace takalmi, lallai da walakin goro a miya. Amma na tsallake duwatsun, don Sallau ma ta nan ya bi.

Gani ya kori ji. Ruwa ne ba iyaka, yana numfashi kamar saniya a kwance, ya taho ya lashi gaɓa ya koma. Iska tana ɗauke da ƙarni da gishiri har sai da na ji shi a leɓena. An shimfiɗe bakin ruwan da baƙaƙen duwatsu, doguwar hanya, jirage a hannun dama, gidaje a hannun hagu, kowane gida yana fuskantar jirginsa. Na bi ta a hankali, ina kallo, ina neman fuskar ƙanena.

Na ga ƙananan kwalekwale na masunta, an ɗaure su a jere kamar awaki a turke. Na ga wani jirgi da aka fafe daga duma guda, mutum goma na zaune a ciki suna gyaran taru. Na ga wani mai hawa uku, an kafa masa itace a tsakiya ya fi giginya tsawo, an rataya masa wani makeken zane na fatar kifi wanda iska ke turawa. Wani kuma ba zane ba masu tuƙi, kunkuru biyu manya aka ɗaura masa a gaba, wani tsoho yana goge musu baya da tsintsiya yana yi musu kirari. Amma manyan jiragen duka iri ɗaya ne: baƙaƙe, dogaye, gefensu ramuka a jere, kowane rami da filafilin tuƙi a ciki. Na leƙa wani rami na ga ido biyu suna kallona, da muka haɗa ido sai suka janye.

Gidajen ma abin kallo ne. Akwai wanda aka gina da jan murjani tun daga tushe har soro. Akwai wanda aka yi da haƙarƙarin wani kifi, ana shiga ta inda bakinsa yake. Akwai rumbunan gishiri farare tas, da wata hasumiya mai madubin tagulla a ka, tana jefa hasken rana can cikin teku don jirage su gane hanya. Ƙauyanci ya so ya kama ni, na yi ta sakin baki. Abu biyu ne suka hana ni sakin jiki. Na farko, duk wanda na gaisar sai ya amsa da fara'a idonsa na kan ƙafata. Na biyu, bangon kowane babban gida cike yake da takalma a rataye, daga daidai kan mutum har sama, tsofaffi da sababbi, wasu sun yi funfuna, wasu saura ƙiris su faɗo. Ba kasuwa ba ce, don ba mai taya su.

A ƙofar gidan murjani wani mutum mai tumbi ya taso da gudu ya tare ni kamar ya ga ɗan'uwansa da ya ɓata.

"Maraba da baƙo, maraba! Daga nesa, ko? Kai, ka sha hanya. Shigo zaure ka sha ruwa, ga inuwa, ga dabino."

Ya sa aka shimfiɗa darduma tun daga bakin ƙofa, irin wadda ko sarki sai ya yi tunani kafin ya taka. Ku da kuke saurarona kun san abin da ɗan mutunci ke yi in ya zo bakin shimfiɗar mutane. Ban ma yi shawara da ƙafata ba, sai na ji dunduniyata ta fara zamewa daga takalmi da kanta. Allah ya taimake ni na dubi ƙafar mai gidan. Yana tsaye a tsakiyar dardumarsa da takalmi, ya kuma ɗaure shi da igiya har ƙwauri, ɗaurin wanda ba ya so ko a mafarki ya fita. Bayinsa ma haka. Na mayar da dunduniyata.

"Na gode, maigida, azumi nake."

"To shigo ka huta."

"Na yi alwashi ba zan zauna ba sai na ga ƙarshen tashar nan."

Fara'ar ta ɗauke daga fuskarsa kamar an hure fitila. Ya koma yana leƙen gangare ko wani baƙon zai sauko. Haka na yi ta fama gida bayan gida. Wannan ya ce in shigo in ga aku mai karatu, wancan ya ce ga ruwan wanke ƙafa mai sanyi, wani har ya ce ya ga ƙaya a takalmina, in cire ya fitar mini. Ban taɓa jin daɗin halina irin na ran nan ba.

Da rana ta take tsaka na iso gida na ƙarshe, wanda ya fi duka girma, na baƙin dutse. A gabansa wani jirgi da ake kira Uwar Garke, ana ta loda masa gishiri. A gindin bangon gidan tsofaffin mata ne a jere suna bandar kifi, hayaƙi yana tashi yana bin bango. Lokacin azahar ya yi, na ga randa, na zauna a kan dutse don in yi alwala. Ina kai hannu ga igiyar takalmina sai na ji an make mini hannu da muciya.

"Ɗan nan, in kana son ka sake ganin uwarka, bar igiyar nan!"

Da harshenmu aka yi maganar, ba na fatake ba. Wata tsohuwa ce siririya, idanunta sun yi ja don hayaƙi. Ta ce sunanta Yalwa, daga ƙasarmu ta biyo ɗanta. Ni da zargi, sai da na tambaye ta sunan kasuwanni uku na wajenmu ta faɗa daidai, sannan na gaishe ta na durƙusa.

"Inna, me ke faruwa a garin nan?"

"Salla a can sama ake yi, bayan fararen duwatsu," in ji ta. "Tsakanin duwatsun nan da ruwa, duk tafin ƙafar da ya taɓa ƙasa ba takalmi, mai shi ya zama na gidan da ke gabansa. Su kai shi jirgi ya yi ta tuƙi, su rataye takalmansa a bango. Ba ya fita sai ranar da takalmin ya rabu, ko da ƙafa ɗaya ce. Ɗan'uwan da ya sa hannu ya taɓa takalman, shi ma ya hau jirgi. 'Yan gari sun sani, shi ya sa suke ɗaurewa. Mu mutanen tudu masu ladabi, mu ake kamawa."

"To in takalmin ya rabu fa?"

Ta yi wata dariya mai ɗaci. "Na ɗana sun taɓa rabuwa. Ya sauko da gudu yana kiran Inna, ƙafarsa ba komai. Yana taka dutse Zangaru mai gidan nan ya ce ya sake zama nasa. Ya ba shi sababbi ya saka, ya sa ya cire, ga su can. In na ba shi nawa ni zan shiga."

Na ɗaga kai in ga inda take nunawa, sai idona ya wuce can sama. Ko cikin takalma dubu na san ɗinkina. Suna nan a rataye, sun yi baƙi, sun yi ƙyalli, ko zare ɗaya bai tashi ba. Ƙusoshin da ke kewaye da su duk an sake musu wasu takalman.

Inna Yalwa ta bi idona da kallo. "Waɗannan na wani bawan Allah ne, Sallau. Duk waɗanda aka kama tare da shi nasu sun ruɓe tuntuni, shi nasa sun ƙi. Kullum muna cewa Allah ya isa tsakanin yaron nan da wanda ya ɗinka masa su."

Na ce, "Ni ne, Inna. Ƙanena ne."

Ta rufe baki da hannu. Ni kuwa na yi kuka a gaban tsohuwar nan ba kunya, don ban taɓa jin baƙin ciki irin wannan ba. Ta bari na gama, sannan ta ce Sallau yana cikin Uwar Garke, kuma da zarar ruwa ya cika bayan la'asar jirgin zai tashi zuwa tsibiran da ake shekaru ba a dawo ba.

Hayaƙi ya shiga idona, sai tunani ya zo mini. "Inna, wa ya ba ku wurin nan kuke banda?"

"Zangaru. Wannan kam ya tausaya mana. Ya ce mu iyaye mu hura wuta a nan, hayaƙi zai ci fatar da wuri."

Na so in yi shiru, na ga shirun ya fi maganar mugunta. "Inna, danshin teku ne ke cin fata. Hayaƙi raya ta yake, kamar yadda yake hana kifinki ruɓa."

Ta dubi kifin, ta dubi takalman ɗanta, ta dubi wutar da ta yi shekaru tana hurawa da bakinta. Ta tashi ta nufi sauran matan.

Ana haka ƙofar gidan ta buɗe, Zangaru ya fito. Dogo ne, mai sanyin murya, gemunsa ya sha turare. Dogarai sun riga sun kai masa labarin wani baduku ya shigo. Ya dubi ƙafata, ya dubi bango, ya yi murmushi.

"Hannu ɗaya ne ya yi waɗannan da waɗancan, ko da yake na ƙafarka ba su sami kulawa ba. Bismilla, malam baduku, mu shiga daga ciki."

"A nan ma ina ji, ranka ya daɗe."

Ya gyaɗa kai, ya gane ba yau aka haife ni ba. "To mu yi ta a fili. Ina so dukawana su iya irin ɗinkin nan. Sun yi ta kallo daga ƙasa sun kasa. Ka nuna mini sirrinsa, in cika maka jaka da murjani."

Na gane nufinsa sarai. Yana so kowane baƙo ya sami kyautar takalmin da ba ya ruɓa kafin a shimfiɗa masa darduma. Na sunkuyar da kai kamar mai jin kwaɗayi, na ce, "Sirrin a ciki yake, ba a gani daga waje. Sai an sauko da su."

"Don ka taɓa su ka ɓata?"

"In na taɓa ai na zama naka. Ga hannuna a baya. Kai za ka riƙe."

Zargi ya gamu da zargi. Can cikin jirgi aka fara buga gangar shiri, ruwa ya soma hawa dutse. Daga ƙarshe kwaɗayi ya rinjaye shi, ya sa aka sauko da takalman da gora aka ɗora a faranti. Mutane suka fara taruwa, har da masu sauran gidajen, kowa na son ya ga abin da Zangaru zai samu shi bai samu ba.

"Ɗaga fatar dunduniya da bakin wuƙa," na ce. "Ka ga ƙulli?"

"Na gani."

"A ƙarƙashinsa sirrin yake. Sai an yanke shi ake gani."

Ya janye wuƙar. Ya juya takalmin, ya bi ɗinkin da yatsa, ɗinki bayan ɗinki, sun fi a ƙirga. A garinsu kowane ɗinki da ƙullinsa ake yi. Ya ce, "Ƙulli ɗaya cikin wannan tarin, me zai rage?"

"Kai ka faɗa, ranka ya daɗe."

Ya yanke. Jijiyar nan da na ja da ƙarfina duka, hayaƙinsa ya busar da ita shekara da shekaru, ta yi ƙara kamar tsirkiyar baka, ta zare kanta daga dunduniya har yatsa. Takalmin ya buɗe a hannunsa, fatun suka zube a kan dutse ɗaya bayan ɗaya.

"Ga sirrin," na ce. "Jijiya ɗaya ce."

Inna Yalwa ta rangaɗa guɗa, sauran matan suka ɗauka. "Ya rabu! Ya rabu a hannun mai gida!" Zangaru ya buɗe baki zai yi musu, mai gidan murjani ya riga shi: "Doka doka ce, Zangaru. In ka karya ta yau, gobe namu bangon ma ba shi da daraja." Ba don Allah ya faɗa ba, don haushi ne, amma na karɓa.

Aka fito da Sallau kan katakon da ke tsakanin jirgi da gaɓa. Da ƙyar na gane shi. Ƙirji ya buɗe, damatsa kamar turmi, furfura a gemu, ƙafafunsa kuwa fari sol sun yi laushi don rashin taka ƙasa. Ya ƙifta ido cikin rana, ya gan ni.

"Yaya!" Ya yunƙuro zai diro.

"Tsaya nan!" Na daka masa tsawar da tun yana yaro ban yi masa irinta ba. Ya ƙame a bakin katako.

Zangaru ya dawo da murmushinsa. "Ku bar shi ya sauko mana ya gai da yayansa. Ko ka ba shi naka, malam baduku? Ko ku raba, kowa ɗaya? Ƙafa ɗaya ma ƙafa ce."

Na je bakin katakon, na juya baya, na tsuguna. "Hau."

"Yaya, na fi ka nauyi."

"Na ce hau. Ka naɗe ƙafafunka a cikina, in ka bari yatsa ɗaya ya taɓa ƙasa ni da kai ne."

Taron ya ɗauki salati. Ashe a Dalhara gawa kaɗai ake ɗauka, abin kunya ne da tsoro a ga rayayyen namiji a bayan wani, shi ya sa bai taɓa zuwa ran kowa ba. Ni ina ruwana? A garinmu na goyi Sallau zuwa gona tun bai iya cewa ruwa ba.

Na miƙe, gwiwoyina suka yi ƙara. Duk hanyar da na bi da safe ina kallon gine-gine, yanzu na bi ta ina kallon ƙasa. Bayin Zangaru suka sa mu a tsakiya, ba su da ikon taɓa mu, sun sunkuya suna kallon ƙafafun Sallau. Muka wuce hasumiya. Muka wuce rumbunan gishiri. Masu gidaje suna fitowa da kujeru suna cewa, "Sauke shi ka huta, bawan Allah, za ka mutu." A daidai gidan haƙarƙarin kifi na ji igiyar takalmina na dama ta yi ɗas. Wannan da nake ta cewa gobe zan gyara. Ba ta tsinke duka ba, saura zare. Na damƙe ta da yatsun ƙafa, na daina ɗaga ƙafar, na koma jan ta a ƙasa. Wani bawa ya gani ya yi ihu, duk suka bar ƙafar Sallau suka dawo kan tawa.

"Yaya, ka sauke ni ka tsira," in ji Sallau a kunnena. Yana kuka, hawayensa na bin wuyana.

"Rufe mini baki, kana ƙara nauyi."

Zufa ta rufe mini ido, ƙirjina kamar ana hura wuta. Ban san yadda na wuce gidan murjani ba. Na dai ga fari a gabana, na tattara sauran ƙarfina na ɗaga ƙafar dama na jefa ta gaba. Igiyar ta tsinke, takalmin ya faɗi a wajensu, ƙafata ta sauka a bayan fararen duwatsu. Muka zube ni da Sallau a cikin ƙura. Wani bawa ya ɗauki takalmin yana jujjuya shi, na ce ya kai wa ubangidansa tsaraba.

Da numfashina ya dawo na waiwaya. Uwar Garke tana fita da gurbi ɗaya ba matuƙi. Daga wannan ƙarshen tasha zuwa wancan kuwa ba hayaƙi ko ɗaya, matan sun kashe wutarsu duka. Inna Yalwa ta biyo mu har bakin layi, tana riƙe da tukunyar da ta zuba wa murhunta ruwa.

"Inna, in na ɗanki sun rabu, ki nemi ƙaƙƙarfan mutum ya ɗauko shi."

"Wa zan nema?" in ji ta. "Ni zan goyo abina. Ba yau na fara ba." Ta juya ta koma gindin bango.

Na karɓi kayan sana'ata a hannun dogarai, muka yi sallar da ta kuɓuce mana, sannan na zauna a inuwa na sa Sallau ya ɗora ƙafarsa a kan fata in auna. Ya daɗe yana kallon hannuna ina zare jijiya, sai ya ce, "Yaya, don girman Allah, wannan karon ka ɗan yi algus."

Na yi masa. A duk rayuwata ban taɓa yin ɗinki mai rauni irin wannan ba. Muka yi ta lallaɓa su a hanya, yau faci gobe faci, har suka kawo mu ƙofar Tudun Majema suka rabu a nan. Sallau ya shiga gida ba takalmi, yadda ya kamata ɗa ya shiga wurin uwarsa. Tana zaune a bakin ɗaki, hasken idonta saura kaɗan. Bai yi sallama ba tukuna ta ɗaga kai ta ce, "Wannan takun autana ne."

Iyakar abin da ƙafata ta taka ke nan, idona ya gani. Wanda zai tashi ya duba takalmansa a bakin ƙofa.